Kyanwar da Ba Ta Kama Ɓera

Unguwar Television, Kaduna
5 ga Yuni, 2000

Zuwa ga ɗiyata Edith,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da aikin asibiti da ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa. Ni lafiyata lau, sai gwiwar hagun da kika sani. Maganin hawan jini ina sha kullum da safe, ba sai kin tambaya ba. Baba Ishaya, mai gidan da nake haya, da matarsa Juliana suna gaishe ki.

Bayan gaisuwa, maganar kyanwarki ce.

Na ce kyanwarki domin ke kika zaɓe ta. Ranar da kika kai ni wurin Dokta Sylvanus a Barnawa, bayan Ista, kyanwoyi sun fi ashirin a rumfar da ke bayan asibitin dabbobinsa, duk waɗanda ya tsinto a gidajen da mutane suka gudu suka bari lokacin rikicin Fabrairu. Na nuna miki wata ramammiya mai tabo a hanci, na ce wannan ta san wahala, za ta yi aiki. Kika ce a'a, farar nan mai toka-toka a kunne ta fi kyau. Tun kina ƙarama haka kike, takalmi ma da ido kike zaɓa, ba da ƙafa ba. To ga abin da ya biyo baya.

Mako shida ke nan ba ta kama ɓera ko ɗaya ba. Shekaranjiya da idona na ga ɓera ya fito daga bayan buhun masara, ya bi ta gabanta kamar mai tafiya kasuwa, ta janye ƙafa ta ba shi hanya. Na sa mata suna Biyayya, ko sunan zai bi ta. Bai bi ta ba. In na kira, sai ta dubi bango. Tuwo ba ta ci, kan kifi ba ta ci, sai kunu ko nono, shi ma sai a kwano mai tsabta. Ranar Talata matan Zumuntar cocinmu suka zo koyon waƙa a ɗakina. Ana fara buga tulu ta haye saman kabad, ta ƙi saukowa har aka yi addu'ar rufewa. Mama Judith ta ce, "Rifkatu, magen nan taki ba ta tuba ba tukuna." Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba.

Wannan duk rashin tarbiyya ne. Wani ya ɓata ta tun tana ƙarama, yanzu ni nake girbar abin da ban shuka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki riƙe wannan don ranar da Allah zai ba ki naki 'ya'yan, in kin ga damar yin aure.

Amma ba zan yar da ita ba. Kin ji alkawarin da Dokta ya sa na yi kafin ya saka ta a kwando: ba zan kore ta titi ba, ba zan bari a cuce ta ba. Da bakina na amsa, a gabanki. Marigayi babanki shekara ashirin da bakwai ya yi a masaƙa a Kakuri, bai taɓa cewa gobe ta zama jibi ba. Ba a kaina za a fara ba.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kullum da asuba, wajen ƙarfe biyar saura, sai ta tashi ta je bakin ƙofa ta zauna, kunnuwa a tsaye. Ba ta kuka, ba ta neman fita. Bayan kamar minti goma ta koma ta kwanta. Za ki ce yaya aka yi na sani. Ni ma idona biyu a lokacin. Shekara ashirin da huɗu da muka yi a Unguwar Mu'azu, ladanin bayan gidanmu ne yake tashe ni in ɗora wa babanki ruwan wanka, har nakan yi tsaki in ya cika ja. A nan layinmu babu ladan yanzu, tun da aka raba garin, mu kudu da kogi, su arewa. Sai kukan kwaɗi. Amma jiki bai san an yi ƙaura ba. Haka muke zama, ni a bakin gado, ita a bakin ƙofa, kowa yana sauraron abin da babu, har gari ya fara haske.

Ki riƙa zuwa sujada a coci, kada ki fake da aiki. Kuma ki rage jan-bakin da na gani a hoton da kika aiko. Asibiti aka ɗauke ki, ba gidan rawa ba.

Mamanki,
Rifkatu

*

Fatakwal
23 ga Yuni, 2000

Mama,

Na gaishe ki da kyau da kyau. Takardarki ta yi mako biyu da ɗoriya a hanya, jiya ta iso. Ni lafiya lau, an mayar da ni ɗakin haihuwa, aiki kamar ba gobe. Gwiwar nan ki riƙa shafa man da na bar miki, kuma don Allah ki daina durƙuso a kan siminti wajen addu'a. Allah yana ji ko a kan kujera.

Na fassara wa Ugonna, wadda muke ɗaki ɗaya, labarin ɓeran da aka ba hanya. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce in gaya miki kyanwar ma'aikaciyar gwamnati ce, jiran albashi kawai take.

Mama, ni fa ba don ɓera na zaɓe ta ba. Ɓera ai tarko ya ishe shi. Ranar nan ita kaɗai ce ta zo ta goga kanta a zanenki, ke ba ki lura ba, kina yi wa Dokta wa'azi a kan sharar rumfarsa. Na ga ɗakin da kike ciki, na ga ba ki san kowa a layin ba sai 'yan coci, na ce ko ba komai ki samu abu mai numfashi kusa da ke.

Amma in ta gagare ki, ki mayar wa Dokta. Wannan ba karya alkawari ba ne. Shi ya ba ki, shi kika mayar wa, magana ta ƙare.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen takardarki. Kin ce kuna zaune kuna sauraron abin da babu. Mama, me kike ji? Kina samun barci kuwa? Rashin barci yana ta da hawan jini, kullum muna gani a nan. Ki daina tunanin Unguwar Mu'azu. Gidan ya tafi, mun gode Allah da kika fito da ranki. Ki riƙa shiga wurin Anti Juliana kuna hira.

Jan-bakin ba nawa ba ne, na Ugonna na ara don hoton kawai.

Taki,
Edith

*

Television, Kaduna
14 ga Yuli, 2000

Edith,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Na ga takardarki, na gode Allah da lafiyarki. Ki gaishe da Ugonna, ki ce mata aron jan-baki ya fi sayensa muni, domin mutum biyu ne suka yi laifi. Durƙuso kuwa tun kafin a haife ki nake yi, ba nas ce za ta koya mini yadda ake gaida Allah ba. Ruwa yana sauka sosai a nan, masarar bayan gida ta fi ni tsawo.

Na bi shawararki na je Barnawa. Dokta Sylvanus ya samu aiki a Abuja ya tafi. Tun da sojoji suka koma bariki aka ba farar hula mulki, duk mai takardar jami'a Abuja yake gani in ya rufe ido. Rumfar a kulle, mai gadi ya ce an rarraba sauran kyanwoyin. Wannan ƙofa ta rufe.

Ga kuma sabuwa. Juliana ta sayo 'yan tsaki na kiwo. Biyayya da ba ta iya ɓera ba, ashe ta iya tsako. Uku cikin mako guda. Ba ta ma ci, sai ta kawo ta ajiye a bakin ƙofata kamar ni na aike ta. Na ba da haƙuri, na mayar musu da wasu, na ɗaure ta da igiya kwana biyu ta ƙi cin komai, na kwance.

Baba Ishaya ya same ni a bakin rijiya. Kin san tsohon ɗan sanda. Ya ce, "Maman Edith, ni mutum ne mai bin doka, ba na hukunci sai da notis. Na ba ta zuwa ƙarshen Agusta. In wata ya mutu tana cikin gidan nan, akwai masu gyaran mota a bakin titi da suka daɗe suna tambayata ko ta sayarwa ce, farfesu suke so."

Juliana tana daga ƙofar kicin ta ce, "Tsohuwa ita kaɗai a ɗaki da farar mage, suna tashi da asuba tare. Ni dai ban ce komai ba."

Kin san abin da take nufi. Na ce mata Allah ya ba ta haƙora talatin da biyu ne don su yi wa harshe shinge. Wannan ita ce Antin da kika ce in riƙa shiga wurinta hira.

Yanzu bari in gyara wata magana, domin wanda ya yi kuskure a rubuce, a rubuce ya kamata ya gyara. Na ce kyanwar nan ba ta da tarbiyya. Tana da ita, sai dai ba tamu ba ce. In na shimfiɗa tabarma zan tsince shinkafa, ba ta takawa. Sai ta zagaya ta zauna daga gefe, ta jira har in naɗe. In ta ji ana tsiyayar ruwa daga buta, ko tana ina sai ta taho a guje. Ranar da aka wuni ana ruwa na lulluɓa da farin zane saboda sanyi, sai ga ta a cinyata, karo na farko tun da ta zo. Na yaye zanen, ta sauka. Na mayar, ta dawo. Edith, a gidan Musulmi ta tashi, a hannun tsohuwa mai sallah a kan lokaci. Kiran asuba take jira a bakin ƙofa.

Da yamma takan fita, sai rannan na bi ta. Layi biyu bayan namu akwai wani gida mai koriyar ƙofa, a kulle, rufin ɗaki ɗaya ya ƙone, bishiyar gwaba ta leƙo ta saman katanga. Ta haye katanga ta zauna tana kallon tsakar gidan har rana ta faɗi. Madam Bridget mai sayar da garin rogo a layin ta ce gidan Hajiya Tasalla ne mai kunun gyada, shekara talatin ta yi a unguwar, yanzu ta koma wurin ɗanta. Kin san ina? Unguwar Mu'azu. Na ce tana da mage? Ta ce ƙwarai kuwa.

Tun ranar nake ganin matar nan. Ban taɓa sa ta a ido ba, amma na san ta. Doguwa ce, siririya, da haƙorin Makka ɗaya, tana magana a hankali. Da rana in ruwa yana dukan kwanon rufi, nakan zauna da ɗinki a hannu, allura ta tsaya, sai in gan ta can hayin kogi, wataƙila ma a layinmu, wataƙila tagarta tana kallon bishiyar darbejiyar da kuke lilo. Ta zuba nono a ɗan kwano, ta ajiye a ƙasa, sannan ta tuna babu mai sha. Nakan ce mata, "Hajiya, kin lalata yarinyar nan da shagwaɓa." Sai ta ce, "Ke taki fa da kika bari tana shafa jan-baki?" Muna faɗa sosai, sannan mu shirya, ta ba ni labarin yadda layin nan yake da, ni in gaya mata wanda ya fi nama mai kyau a can. Kafin in ankara ruwa ya ɗauke.

Na yanke shawara. Kayan wani ne a hannuna, mai shi tana da rai. Kafin notis ɗin Baba Ishaya ya cika zan kai mata abinta. Gada ɗaya ce tsakaninmu.

Mamanki,
Rifkatu

*

Fatakwal
2 ga Agusta, 2000

Mama,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, amma tun da na karanta takardarki hankalina bai kwanta ba.

Kada ki haye gadar nan. Na roƙe ki da girman Allah. Kin manta yadda kika fito daga Unguwar Mu'azu? A bayan motar sojoji, da zane ɗaya, kwana tara kina kwana a filin bariki, ni ina nan ina bin tashar mota ina tambayar direbobin Kaduna ko sun ga wata mata mai tabarau. Wata shida ma ba a cika ba. Ba ki san waye ɗan matar nan ba, ba ki san inda ya kwana a watan Fabrairu ba.

Na biyu kuma, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kin ce kina ganin matar da ba ki taɓa gani ba, tana yi miki magana, kina amsawa, har kuna faɗa. Mama, a asibiti mun san wannan. Kaɗaici ne da rashin barci da abin da idonki ya gani. Ba abin kunya ba ne, kuma yana da magani. Laifina ne da na bar ki ke kaɗai na ce kyanwa za ta isa.

Na rubuta wa Faston cocinku ya zo ya duba ki. Na nemi hutu a watan Satumba. Zan zo in haɗa miki kaya mu taho Fatakwal tare, Ugonna ta yarda ta koma wani ɗaki. Wannan karon ba shawara nake nema ba.

Kyanwar kuwa, ki sa ta a kwando ki hau mota zuwa Gonin Gora ki sake ta a wurin masu sayar da abinci a bakin hanya. Ba za ta mutu da yunwa ba, ba kuma za ta shiga tukunyar kowa a idonki ba. Dokta ba zai taɓa sani ba, yana Abuja.

Mage ce, Mama. Ni kuwa ke kaɗai gare ni.

Ki amsa mini da zarar kin karanta.

Edith

*

Fatakwal
28 ga Agusta, 2000

Mama,

Lafiya kuwa? Mako huɗu babu amsa. Kullum ina zuwa gidan waya har mai raba wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Fasto ma shiru. Na buga wayar ofishin coci sau uku, ba ta shiga.

In fushi kika yi, ki rubuta ki zage ni, zan karanta da murna. Layi ɗaya ma ya isa. Wannan ta hannun direban motar Kaduna na ba da ita don ta yi sauri.

In ban ji komai ba zuwa goma ga wata, zan taho ko an ba ni hutu ko ba a ba ni ba.

Edith

*

Television, Kaduna
4 ga Satumba, 2000

Ɗiyata Edith,

Salama a gare ki. Ina da rai, ina da lafiya, gwiwa ta ɗan kumbura saboda tafiya, yanzu ta saɓe. Takardunki biyu duk sun zo. Ta farko na karanta na ajiye, domin da na amsa a ranar, da kin ji abin da bai kamata uwa ta rubuta ba. Na yi shiru ya wuce kima, na sa ki kuka. Wannan laifina ne, ki yafe mini.

Naki laifin kuma ga shi. Fasto ya zo da dattawa biyu, suka dafa mini kai suna tsawata wa ruhun ruɗewa, Juliana tana leƙe ta taga. Na bari suka gama domin addu'a ba ta ɓaci, na ba su shayi, sannan na gaya wa Fasto kurakurai biyu da ya yi a wa'azin Lahadi don ya san hankalina ɗaya. Yin zance da wanda ba ya nan ba hauka ba ne. Yanzu da nake rubutun nan, kina ɗakin? Maganar Gonin Gora kuwa, da cewa Dokta ba zai sani ba, ban san a gidan wa kika koyo ta ba.

Na je. Ranar Laraba, saura kwana ɗaya notis ya cika.

Na tsaya a gaban akwati ina tunanin ko in yafa mayafi in saje da mutanen can. Na ce ban yi sata ba, ba zan yi shigar wata ba. Na ɗaura zanen Zumunta, na rufe kwando, na hau bas. Tun daga tasha take kuka. A bakin gada soja ya leƙo ya ce mene ne a kwandon. Na ce mage. Ya ce, "Mama, ta miya ce?" Na ce ta mutane ce, mayarwa zan yi. Ya daɗe yana kallona, ya buga motar muka wuce.

Kogin ya cika har ya shanye duwatsun da masu wanki suke shanya. Ja wur, yana tafiya a hankali da ganyaye a bayansa, hazo-hazon ruwa ya rufe ɗaya gaɓar, sai na ga kamar motar ba ta motsi, gadar ce take tafiya da mu. Kyanwar ta daina kuka. Ban san tsawon gadar nan ba sai ranar.

Unguwar Mu'azu tana nan, sai dai layukan sun ƙanƙance a idona. Malam Sale mai kayan miya ya gan ni ya miƙe tsaye, tumatir yana zuba. Ya ce, "Maman Edith! Ashe kina duniya?" Ya tambaye ki, na ce kina Fatakwal kina ba uwarki umarni. Shi ya raka ni har ƙofar gidan ɗan Hajiya Tasalla. Bakin layinmu muka wuce, ban juya ba.

Edith, matar ba doguwa ba ce. Gajera ce, mai jiki, babu haƙorin Makka, ido ɗaya ya yi yana, muryarta kuwa ana ji daga zaure. Na same ta tana ɓarar gyada tana yi wa surukarta faɗa. Muka gaisa, na faɗi daga inda nake, na buɗe kwando. Ta kawo fuska kusa, ta shafa bayan kyanwar, ta ɗaga wutsiya ta duba.

Ta ce, "Baiwar Allah, wannan ba tawa ba ce. Nawa muzuru ne, baƙi ƙirin, kunne ɗaya a yage. Tun azumin bara mota ta take shi."

Na ce amma kullum tana kan katangarki.

Ta ce, "Ai duk magen unguwa nan suke taruwa. Tsuntsaye suke dako, masu cin gwabata."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko lokacin da nake buga tafireta a ma'aikata na aika takarda da sunan mutum a juye. Wata biyu ina faɗa da mace, ashe ba ita ba ce. Na ce ta yi haƙuri, na fara ɗaure kwando.

Ta ce, "Ina za ki da ita?"

Na gaya mata maganar 'yan tsaki da Baba Ishaya da masu farfesu. Ta ce, "Ishaya ɗan sanda? Har yau bai daina cika baki ba? Kunu nawa ya sha a ƙofata." Sannan ta dube ni da idon nan mai gani, daga ɗankwali har takalmi. Ta ce, "Daga Television kika taho? Da wannan ƙafar? Da wannan zanen?"

Na ce e.

Ta ajiye gyadar da ke hannunta. Can ta ce, "Gwabar ta yi 'ya'ya?"

Na ce ta yi, rassan har sun sunkuyo waje, suna zuba a ƙasa babu mai tsinta.

Ta juya fuska bango ta daɗe tana gyara ɗankwali. Da ta juyo ta ce, "Sauke kwandon. Uwar ɗakinta wata ce cikinmu, ko tana Tudun Wada, ko tana Rigasa, ko tana ƙasa. Kafin a gane, ta zauna nan. Mu ba mu da tsaki."

Na ce to sai ta yi mini alkawari ba za ta kore ta titi ba, ba za ta bari a cuce ta ba, domin haka aka ba ni.

Ta ce, "Ke wace irin mace ce? Kin kawo mini kaya, kuma kin kafa mini doka?"

Na ce haka nake. Ta ce ta gani. Ta yi alkawarin a gaban surukarta da Malam Sale.

Kyanwar ta fito, ta shinshina ƙafar gado, ta zagaya ɗakin sau ɗaya, ta kwanta a kan buhun gyada ta lumshe ido kamar jiya ta bar wurin. Wata huɗu ina ba ta nono, ko kallona ba ta yi ba da zan fita. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye miki ba. Hajiya ta dama mini kunu, na sha, ya cika sukari, na gaya mata. Ta ce bakina ne ya cika ɗaci. Kafin la'asar na dawo gida.

Baba Ishaya ya ji inda na je, ya cire hula ya mayar. Daga baya ya aiko Juliana ta tambaye ni ko Hajiya tana lafiya.

Maganar Fatakwal. Ki zo hutu in an ba ki, ina so in gan ki, amma kada ki zo da igiyar ɗaure kaya. Ba zan iya tafiya ba. Da zan fito, matar nan ta riƙe mini hannu a zaure ta ce ita ba za ta iya hayewa ba, ɗanta ya hana, amma shekara ashirin ke nan ba ta taɓa rasa cin gwabar nan ba, da hannunta ta dasa. Na ce zan kawo mata. Madam Bridget tana da sanda mai ƙugiya, katangar ba ta da tsawo. Na tambayi Fasto ko sata ce, ya ce in mai abu ce ta aike ki, aike ne.

Jibi Laraba zan kai na farko. Bishiyar ta yi 'ya'ya da yawa, ba za su nuna rana ɗaya ba.

Mamanki,
Rifkatu